Na nemi sanduna, na samu furanni: me ake yi da furen nano?

Ɗalibar Kemistiri:

Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu ne, aikina kan zinki oksaid. Makon jiya na haɗa zinki naitiret da soda a tukunyar ƙarfen nan mai murfin ɗauri, na sa a oben kan digiri 120, na bar shi ya kwana. Siraran sanduna nake nema. Da safe na wanke farin garin, na busar, aka duba shi da maikuroskof na lantarki. Da hoton ya fito, babu sanda ko ɗaya: furanni ne birjik, kowanne bai wuce maikuromita 3 ba (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), cibiya guda a tsakiya, siraran kunnuwa sun fito ta kowane gefe kamar da hannu aka jera su. Mai kula da injin har cewa ya yi in ba shi hoton ya sa a fuskar wayarsa.

Na ɗauka aikin ya lalace. Amma da na shafa garin a ɗan faranti na gwada shi a matsayin na'urar gano tururin etanol, sai ya fi tsofaffin sandunana saurin amsawa da saurin komawa daidai. Abin da ya ɗaure mini kai, an auna faɗin fuskar garin, bai wani ɗara na sandunan ba. To ina sirrin yake? Kuma don Allah, furen nan yana da amfani na gaske, ko kyan hoto ne kawai?

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam, 'yata. Duk wanda ya shigo harkar nan faɗin fuska yake fara kamawa, kuma yana da hujja. Dunƙule mai santimita 1 ta kowane gefe, fuskarsa santimita murabba'i 6 ce. Yanyanka shi gutsi-gutsi na nanomita 10 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), sai ta koma mita murabba'i 600. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. In don faɗin fuska ne, gawayin da aka sarrafa don tace ruwa yana kai mita murabba'i 1000 a giram guda, furenki ko ƙurarsa ba zai hango ba.

Halin ƙananan abubuwa shi ne son juna. Sanduna da falle-falle in sun bushe sai su kwanta kan juna su matse, kamar shafukan littafin da ruwa ya jiƙa. Injin awon faɗin fuska yana ba iskar naitirojin da yake awo da ita sa'o'i ya kutsa kowane lungu, don haka zai ƙirga har wuraren da suka matse. Shi kuwa tururin etanol 'yan daƙiƙu gare shi. A jikin fure, kowane kunne a kafe yake a cibiya, ba shi da halin kwanciya kan ɗan'uwansa, sai iska ta shiga ta fita ba shamaki.

Ga kuma kaurin kunnen. In zinki oksaid ya yi zafi, tsakanin digiri 200 da 400, oksijin na iska yakan zauna a fuskarsa ya ƙwace masa ilektoron, sai lantarki ya riƙa wucewa da ƙyar. Etanol na zuwa sai ya cinye oksijin ɗin, ilektoron su dawo. Wannan abu a fatar waje kawai yake faruwa. A sanda mai kauri cikinta bai ma san ana yi ba, amma siririn kunne kusan dukkansa fata ne.

Ki duba littafinki, ina zargin soda ta yi yawa. In ta yi yawa, 'yan ƙwayoyin farko sukan dunƙule wuri guda, kowacce ta tsiro ta nata gefen.

Mai Enzayim:

Ƙanwata, ba ke kaɗai kuskure ya yi wa rana ba. A 2012, a ɗakin binciken Richard Zare a Jami'ar Stanford ta Amurka, salfet na jan ƙarfe ya haɗu da ruwan fosfet mai ɗauke da furotin ba da niyya ba. Bayan kwana uku sai ga shuɗin laka a ƙasan kwalba, da aka duba furanni ne. Furotin ɗin ne ya zama danƙon da ke riƙe kunnuwan fosfet na jan ƙarfe. Da suka yi da lakeis, enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) da ke wargaza sinadaran fenol, aikinsa ya ninka na sakakken enzayim fiye da sau huɗu, kuma ya daɗe a ajiye bai mutu ba.

Da irinsu nake aiki kullum, ba wuta, ba oben, kwalba kawai da haƙuri. Abin da na fi so, furen yana da girman da zan juya shi a injin ya kwanta, in ɗebe ruwan in sake amfani da shi. Sakakken enzayim kuwa in ka zuba ya tafi ke nan. Amma ba su son ruwa mai tsami. Na taɓa mance gyara ruwan gwaji, ina kallo shuɗin ya narke, aikin mako biyu ya bi ruwa.

Mai Batir:

Malam ya yi bayani, amma a bar ni in ɗan zuba ruwan sanyi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A batirin litiyum ana yabon furen tin oksaid don abin yana kumbura sosai in litiyum ya shige shi, ratar da ke tsakanin kunnuwa kuma tana ba shi wurin miƙewa ba tare da ya farfashe ba. Gaskiya ne. To amma ratar nan iska ce, iska kuwa ba ta riƙe caji. Ka cika cokali da garin fure, nauyinsa bai kai na dunƙulallen gari ba, mai ƙera waya kuma wuri yake tsimi. Sannan duk yawan fuska, yawan litiyum ɗin da ke salwanta a cajin farko ke nan. A ƙarshe ma a masana'anta ana bi ta kan abin da abin nadi a danne shi. Ina furen yake bayan nan?

Inda na sallama shi ne molibdinam salfaid wajen fitar da haidurojin daga ruwa. Tun 2007 aka nuna cewa bakin fallen ne ke aikin, shimfiɗar kusan 'yar kallo ce. Fure kuwa baki ne ta ko'ina.

Mai Haɗa Magani:

Ta ɓangarenmu, 'yar'uwa, furenki ya yi girma da a sa shi a jikin mutum. Ƙananan jijiyoyin jini faɗinsu maikuromita 5 zuwa 10 ne, kuma hanta da saifa na tsince abu mai girman naki nan da nan. Waɗanda ake gwadawa 'yan mitsi-mitsi ne: na zinariya da ke ɗaukar zafi in an haska su da hasken infared, da na ayon oksaid (oksaid na ƙarfe) da maganaɗisu mai jujjuyawa ke ɗumama su sama da digiri 42 don raunana ƙwayoyin ciwon daji. Yawancin aikin har yanzu kan ƙwayoyin halitta ne da ɓeraye. Zinki oksaid kuma yana narkewa a wuri mai tsami ya saki zinki, don haka ki sa takunkumi in kina kwashe busasshen garin.

Ɗalibar Kemistiri:

Allah Ya saka da alheri. Malam, na duba, gaskiyarka ce: awon soda na rabin lita na zuba a kwata, wato ninki biyu. Na sake dafawa jiya da gangan, furannin sun dawo. Yau kuma na hura numfashina kan farantin don wasa, sai allurar na'urar awo ta motsa alhali babu etanol kusa. Danshi ne ke yin haka, Malam, ko in zargi wayoyin da na liƙa?