Ana duba takardun harajin wanda za a naɗa alƙalin Kotun Ƙolin Amurka kuwa?

Sagir:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana shari'a da masu aikin akanta. Duk lokacin da aka zo naɗa sabon alƙali a Kotun Ƙolin Amurka sai ka ji wasu na cewa ya fito da takardun harajinsa kowa ya gani, kamar yadda 'yan takarar shugaban ƙasa suka saba yi. Shin akwai dokar da ta wajabta masa haka? In babu, wa ke duba su, na shekara nawa, kuma me takardar haraji ke nunawa wanda fom ɗin bayyana kadara bai nuna ba? Mutumin nan kujerar rai da rai za a ba shi, abin da ya sa na ga ya kamata a ce ana bin diddigin kuɗinsa sosai ke nan.

Barista Hadiza:

Wa alaikumus salam Malam Sagir. Babu dokar da ta tilasta masa buga takardun harajinsa ga jama'a. Kundin tsarin mulkin ma bai gindaya wa alƙalin Kotun Ƙoli wani sharaɗi ba, cewa kawai ya yi shugaban ƙasa ya zaɓa, Majalisar Dattawa ta amince. Ko na 'yan takarar shugabancin da ka ambata al'ada ce, ba doka ba. Amma kada ka ɗauka ba a duba komai. Ƙofa uku ake bi.

Ta farko a Fadar Shugaban ƙasa take, tun kafin a sanar da suna. Sashe na 6103 na dokar harajin tarayya, wanda aka tsaurara a 1976 bayan abubuwan da suka faru zamanin shugaba Richard Nixon, ya mayar da bayanan harajin kowa sirri. Sai dai ya bar ƙaramar taga ga wanda ake shirin ba muƙami, har da na ɓangaren shari'a. Hukumar haraji ta IRS za ta iya amsa tambayoyi huɗu kacal. Ya miƙa takardun harajinsa na shekara 3 da suka wuce? An taɓa aiko masa takardar neman biya ya wuce kwana 10 bai biya ba, ko an ci shi tarar sakaci, a bana ko a shekaru ukun? An taɓa bincikensa kan laifin haraji, kuma ya aka ƙare? An taɓa cin sa tarar zamba? Shi ke nan. Babu adadin kuɗi a ciki, kuma dole IRS ta sanar da shi a rubuce cikin kwana 3 cewa an nemi bayanin. In lauyoyin fadar na son ganin takardun kansu, daga hannunsa za su karɓa, ko ya sa hannu a takardar izini. Wanda ke son kujerar kuwa ba ya cewa a'a.

Ta biyu Kwamitin Shari'a na Majalisar Dattawa. Suna ba shi doguwar takardar tambayoyi mai ɓangare biyu. Wanda ake bugawa yana ɗauke da fom ɗin bayyana kadara, wanda dokar ɗa'ar ma'aikatan gwamnati ta 1978 ta ce a cike cikin kwana 5 da tura sunan majalisa, da kuma lissafin abin da ya mallaka da abin da ake bin sa. Ɓangaren sirri shi ne ke tambayar ko shi da matarsa sun miƙa sun kuma biya duk harajin da ke kansu, ko an taɓa yi musu binciken ƙwaƙwaf, ko hukumar haraji ta taɓa ɗora hannu a kan kadararsu saboda bashi. Ka lura, amsa yake bayarwa da kansa. Ta uku ita ce rahoton FBI, wanda 'yan kwamiti ke tattaunawa a zaman sirri, al'adar da aka fara da naɗin Ruth Bader Ginsburg a 1993.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne Kwamitin Kuɗi na wannan Majalisar Dattawan dai yana karɓar cikakkun takardun haraji na shekara 3 daga waɗanda ke bi ta gabansa, ma'aikatansa su zauna su tsefe su layi-layi. A nan aka gano Tom Daschle, tsohon sanatan da aka zaɓa ya zama ministan lafiya, a 2009, har ya biya kusan dala 140,000 na haraji da kuɗin ruwa, mafi yawa kan mota da direba da aka ba shi bai lissafa a matsayin kuɗin shiga ba, daga ƙarshe ya janye. Alƙalan Kotun Haraji ta wannan kwamitin suke bi. Wato alƙalin da wa'adinsa shekara 15 ne ana tsefe takardunsa, na Kotun Ƙoli kuma babu ƙa'idar da ta ce sai ya miƙa su.

Malam Tukur Akanta:

Barista ta gama da ɓangaren doka. Ni bari in ɗauki takardun biyu in ajiye su kafaɗa da kafaɗa, don mutane na ɗauka abu ɗaya ne.

Fom ɗin bayyana kadara na alƙalai ba ya faɗin adadi, rukuni yake bayarwa da haruffa. J na nufin dala 15,000 ko ƙasa da haka, K daga 15,001 zuwa 50,000, L har 100,000, M har 250,000, haka dai. Gidan da mutum ke zaune a ciki ba ya shiga, bashin da ke kan gidan ma haka. Bashin da bai haura dala 10,000 ba, ba a rubutawa. Albashin mata ko miji kuwa, inda ake samunsa kawai za a faɗa, ban da nawa ne.

Takardar haraji, fom 1040 da jadawalan da ke rakiyarta masu ɗauke da haruffa, ita ke cike waɗannan ramuka. Jadawalin B ya jero kowane banki da kamfanin da ya biya shi riba da adadinta, kuma a ƙasansa akwai tambayar ko yana da asusu a wata ƙasa. D shi ne sayar da hannun jari. E na ɗauke da kuɗin haya, da kason da marubuci ke samu daga cinikin littattafansa, da rabon da ya samu a kamfanin haɗin gwiwa. A na nuna kuɗin ruwan bashin gida da sadakar da ya bayar. In miji da mata tare suke miƙawa, kuɗin shigar matar na ciki. Aikin mai tantancewa shi ne gwama su. In jadawalin B ya nuna riba daga kamfanin da babu shi a fom ɗin kadara, an bar wani abu a waje. In kuɗin ruwan bashin gida ya kasance dala 30,000 bara, bana ya koma sifili, kuma ba a sayar da gida ko hannun jari ba, to wa ya biya bashin? Ruwa ba ya tsami banza.

Sai jadawalin H, wanda ya fi kowanne kayar da mutane. Wanda ya ɗauki mai aikin gida ko mai reno ya biya ta abin da ya kai dala 2,800 a 2025, dole ya biya mata harajin fansho da na lafiya. A 1993 ƙa'idar dala 50 ce kacal a wata uku, shi ya sa ta rutsa da mutane da yawa. Ita ce cikin abin da ya hana Zoë Baird zama ministar shari'a. A shekarar ce kuma aka gano Stephen Breyer, wanda ake duba yiwuwar naɗa shi a Kotun Ƙoli, bai biya wa mai yi masa aikin gida wannan haraji ba. Ya biya, amma shugaba Bill Clinton ya ɗauki Ginsburg a kujerar, shi kuma aka naɗa shi a 1994 da ƙuri'a 87 da 9. Ka ga ba kowane kuskure ne ke kashe naɗi ba.

Kuskuren da masu tantancewa ke yi shi ne su karɓi kwafi daga hannun mutum su tsaya nan. Kwafi na nuna abin da ya ce ya miƙa ne. A sa shi ya sa hannu a fom 4506-T, IRS ta fitar da bayanin da ke rumbunta: ranar da takardar ta shigo, ko an yi mata gyara daga baya, ko an ci tara, da abin da bankuna da wuraren aiki suka kai rahoton sun biya shi. Gyaran da aka yi mako biyu kafin a sanar da suna, shi kansa labari ne. Game da shekara 3 kuma, ta yi daidai da wa'adin da IRS ke da shi na komawa ta binciki takarda. Amma wa'adin na zama shekara 6 in mutum ya ɓoye sama da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin shigarsa, in zamba ce kuma babu iyaka. A ganina 6 ya kamata a nema ga wanda zai iya shekara 30 a kujera.

Nasiru:

Malam Tukur, da girmamawa, kana ba takardar nan nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Kyauta ba kuɗin shiga ba ce a dokar harajin Amurka. Wanda aka ba ba ya rubutawa ko'ina a 1040. Mai bayarwa ne ke cike fom 709 in kyautar ta haura dala 19,000 ga mutum ɗaya a 2025, kuma takardarsa ba ta gaban kwamiti. Tafiye-tafiyen da kafar binciken labarai ta ProPublica ta bankaɗo a 2023 cewa attajiri Harlan Crow ya ɗauki nauyinsu ga alƙalin Kotun Ƙoli Clarence Thomas, ko ka karanta takardun harajin alƙalin na shekara 20 ba za ka gan su ba. Rance ma haka, ba ya fitowa. Dubi Brett Kavanaugh lokacin da ake tantance shi don Kotun Ƙoli a 2018. Fom ɗin kadararsa na 2016 ne ya nuna bashin dala 60,000 zuwa 200,000 a katunan bashi uku da wani rance, na 2017 kuma ya nuna an biya kusan duka. Fadar Shugaban ƙasa ta ce tikitin wasan baseball ya saya wa kansa da abokai suka mayar masa, sai gyaran gida. Takardar haraji ba za ta gaskata wannan ba, ba za ta ƙaryata ba. Bayanan banki ne za su yi.

Kuma ba nan gizo ke saƙa ba. Abin da ya fi lalata amana shi ne alƙali ya zauna kan shari'ar kamfanin da yake da hannun jari a ciki. Wannan na cikin abin da ya sa Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da naɗin Clement Haynsworth a Kotun Ƙoli a 1969, ƙuri'a 55 da 45. Jaridar Wall Street Journal ta gano a 2021 cewa alƙalan tarayya 131 sun saurari shari'o'i 685 da ya kamata su janye jiki daga gare su. Fom ɗin kadara ne ya tona wannan, ba na haraji ba.

Malam Tukur Akanta:

Gaskiyarka kan kyauta, Malam Nasiru. Amma rance yana da wutsiya. Ranar da aka yafe shi, ya koma ɗaya daga biyu: ko kuɗin shiga da sai an biya masa haraji, ko kyauta da sai an bayyana. Ma'aikatan Kwamitin Kuɗi ƙarƙashin Sanata Ron Wyden sun fitar da rahoto a Oktoban 2023 kan rancen dala 267,230 da wani aboki ya ba Thomas a 1999 ya sayi motar yawo mai ɗaki a ciki, suka ce a 2008 mai bashin ya daina karɓa alhali mafi yawan uwar kuɗin na nan. Lauyan Thomas ya ce ba a taɓa yafe bashin ba. Takardar harajin 2008 ce ɗaya daga cikin abubuwan da za su raba wannan gardama.

Sagir:

Na gode ƙwarai. To in haka ne, me ya hana Kwamitin Shari'a ya aika IRS kai tsaye ya karɓo? Kuma me ya sa ba za a buga wa jama'a ba kawai a huta?

Barista Hadiza:

Ba shi da wannan ikon shi kaɗai. Sashe na 6103 ya ba shugabannin kwamitoci uku ne damar nema kai tsaye: Kwamitin Kuɗi na Dattawa, kwamitin haraji na Majalisar Wakilai, da kwamitin haɗin gwiwa kan haraji. Sauran kwamitoci sai majalisa ta zartar musu da ƙuduri na musamman, kuma a zaman sirri za su duba. Wanda ya fitar da bayanan ba bisa ƙa'ida ba yana fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 5, kuma ba barazana ba ce kawai: Charles Littlejohn, ɗan kwangilar IRS da ya kwashe bayanan Trump da na attajirai ya ba 'yan jarida, shekara biyar ɗin aka yanke masa a Janairun 2024. Hanya mai sauƙi ita ce kwamitin ya sa miƙa takardun cikin sharuɗɗansa kamar yadda Kwamitin Kuɗi ya yi. Ba ya buƙatar sabuwar doka, ra'ayin masu rinjaye kawai yake buƙata, su kuma masu rinjaye ba kasafai suke son ƙara wa ɗan takarar shugabansu tarko ba. Ga kuma lokaci: Amy Coney Barrett ta Kotun Ƙoli wata ɗaya ta yi daga sanarwa zuwa amincewa, 26 ga Satumba zuwa 26 ga Oktoban 2020.

Bugawa ga kowa kuma ban goyi baya ba. Takardar na ɗauke da sunayen 'ya'ya da lambobinsu, kuɗin asibiti, kasuwancin matar da ba ita ke neman kujera ba, wani lokaci har da wuraren ibadar da ake ba sadaka, alhali tsarin mulki ya haramta gwada addinin mutum kafin a ba shi muƙami. Abin da na fi gamsuwa da shi: ƙwararrun ma'aikata daga jam'iyyun biyu su duba a ɗaki, su rubuta taƙaitaccen bayani kan duk inda aka samu saɓani, wannan bayanin a buga.

Malam Nasiru, ƙari kan maganarka: tantancewa hoto ne na rana ɗaya. Harry Claiborne, alƙalin tarayya a Nebada, an naɗa shi a 1978, takardun harajin ƙaryar da suka kai shi gidan yari na 1979 da 1980 ne, kuma sai 1986 majalisa ta tsige shi, yana tsare yana karɓar albashi. Amma amsoshin da aka bayar lokacin tantancewa ba sa ruɓewa. Thomas Porteous da aka naɗa a 1994, cikin tuhume-tuhume huɗun da aka tsige shi a kansu a Disamban 2010 har da ƙaryar da ya yi wa FBI da Majalisar Dattawa shekara 16 kafin nan.