Birki ya ƙi kama rim bayan na koma 700c

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tsohon keken tsere ne, Raleigh mai firam ɗin ƙarfe. Na cire ƙafafunsa na inci 27 na sa na 700c (wani girman ƙafar keke da bai kai wancan ba), na ɗaura sabon birkin Shimano 105. Robar birkin taya take guga maimakon rim, ko da na sauke ta ƙarshen ramin da ake ɗaure ta a hannun birkin. Faɗin tsohon rim 630mm ne, sabon 622mm, bambancin 8mm, ya sauka da 4mm a kowane gefe ke nan. Daga ƙusar da ke riƙe birki a firam zuwa rim na auna 57mm.

Wani mai gyara a Sabon Gari ya goge ramin da zarto, bai isa ba, ƙarfen ma ya yi siriri, ban yarda da shi a gangara ba.

Birkin Tektro R559 mai dogon hannu zai zauna ba sai an faɗaɗa hudar firam ba?