Na faɗi ra'ayina a horon ofis, yanzu an kai ƙarata: ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ina aiki a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani a Ingila, kuma su suka ɗauki nauyin bizata.

An tara mu horon dole kan wariyar launin fata. Ni baƙa ce, Musulma, da hijabina nake zuwa aiki, don haka ba a labari na san wariya ba. Amma abin da mai koyarwar ta zo da shi bai kwanta mini ba. Ta ce kowane farar fata yana da hannu a zalunci ko ya sani ko bai sani ba, kowane baƙi kuma abin zalunta ne, kuma ba a duba niyyar mai magana, sai yadda mai sauraro ya ji. Na ɗaga hannu na ce ni a ganina da halinsa da aikinsa ake auna mutum, kuma ba na son a yi mini kallon abar tausayi. Na tambaya ko akwai binciken da ya nuna irin wannan horo yana rage wariya. Wuri ya yi tsit.

Yanzu sashen kula da ma'aikata sun kira ni zama, wai wani ya ce maganata ta cutar da shi. Ban zagi kowa ba wallahi. In ba da haƙuri a wuce wurin, ko in tsaya a kan maganata? Tsoron bizata nake ji.

Hajiya Mama:
'Yata, ki sassauta. Ke baƙuwa ce a ƙasar mutane. Idan aikin nan ya tafi, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, ko ya tattara ya tafi. Ki je ki saurare su da ladabi, ki ce ba ki yi nufin ɓata ran kowa ba. Allah Ya rufa asiri.

Baban Ilham:
Hajiya, ladabin na yarda da shi, amma kada ta sa hannu a kan laifin da ba ta yi ba. 'Yar uwa, na daɗe ina wakiltar ma'aikata a ƙungiyar ƙwadago, ga abin da na sani. Dokar daidaito ta 2010 ta kare addini da aƙida, kuma kotuna sun ce aƙida ba sai ta addini ba. Maya Forstater ta rasa aikinta bayan ta rubuta a Twitter cewa jinsin halitta ba ya canzawa. Ta faɗi a kotun farko a 2019, amma a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ma'aikata ta ce ra'ayinta yana cikin waɗanda doka ta kare, ko da wasu suna jin zafinsa. Wanda ya fi kama da naki shi ne na Sean Corby: a 2023 kotun ma'aikata a Leeds ta amince cewa adawarsa da irin wannan koyarwa ta launin fata da aka yi muku a horon, da riƙonsa cewa a auna mutum da halinsa, aƙida ce mai kariya. Sai dai ki lura, daga baya bai ci ƙarar kanta ba. Kariyar aƙida daban, tabbatar da cewa saboda ita aka cuce ka daban. Kuma kotu tana duba yadda aka faɗi magana, a ina, da wane lafazi. Ke a cikin horo kika yi, inda aka buɗe fagen tambaya, kuma wannan yana gefenki.

Abin yi: yau ki rubuta abin da kika faɗa kalma bayan kalma, da sunayen waɗanda ke wurin. Ki tambaye su a rubuce ko zaman na bincike ne ko na ladabtarwa, domin a na ladabtarwa doka ta ba ki damar zuwa da abokiyar aiki ko wakilin ƙungiya. Ki nemi a ba ki ƙorafin a rubuce kafin ranar. Ki kira ACAS, hukumar sasanta ma'aikata da masu ɗaukar aiki, shawararsu kyauta ce. Ƙarar nuna bambanci ba ta buƙatar sai kin shekara biyu a aiki, amma wa'adin shigar da ita gajere ne, kada ki yi sanya.

Dakta Bilki:
Tambayar da kika yi malaman jami'a sun riga ki yin ta. Frank Dobbin da Alexandra Kalev sun bi bayanan kamfanonin Amurka na shekaru masu yawa, suka wallafa a 2016 cewa horon dole sau da yawa ba ya ƙara yawan mata da baƙaƙe a manyan muƙamai, wani lokaci ma raguwa suke yi, saboda mutum ba ya son a tilasta masa tunani. Abin da suka ga ya fi aiki shi ne a haɗa ƙananan ma'aikata da manya masu ɗora su a hanya, da fita neman ma'aikata a inda ba a saba zuwa ba. Gwamnatin Birtaniya ma a Disamban 2020 ta sanar da daina yi wa ma'aikatanta horo kan son zuciyar da mutum ke nunawa ba tare da ya sani ba, saboda rashin hujjar cewa yana amfani.

Kuma masu wannan suka ba duka 'yan mazan jiya ba ne. John McWhorter baƙar fata ne, malamin harshe a Jami'ar Columbia, kuma ƙorafinsa irin naki ne, cewa wannan tafiya tana raina baƙi da sunan kare su. Wasiƙar da mujallar Harper's ta buga a Yulin 2020 kan toshe bakin mutane, har Noam Chomsky, fitaccen malami mai ra'ayin kawo sauyi, ya sa mata hannu. Hujjarsu ita ce a yaƙi wariya ta hanyar yi wa kowa hukunci ɗaya, kuma a bar ra'ayi ya kara da ra'ayi.

Nura Kaduna:
Dakta, ban musa ba, amma kada mu manta dalilin da ya sa aka fara horon nan. Mu nawa muka aika takardar neman aiki aka share mu saboda sunanmu? Ni tsorona, wasu masu ihun 'yancin magana ba sa buɗe baki idan aka hukunta ma'aikaci kan maganar Falasɗinu. 'Yar uwa, kada ki bari wata jarida ta ɗauki labarinki ta yi tallan siyasa da hijabinki.

Dakta Bilki:
Gaskiyarka Nura, kuma shi ya sa nake son ƙa'idar ta tsaya ga kowa. Ofishin da zai iya hukunta ta yau don wani ya ji ba daɗi, gobe da wannan ma'aunin zai hukunta mai maganar Gaza. Mu marasa rinjaye mu muka fi buƙatar a ce jin zafi kaɗai bai isa laifi ba.

Abba na Texas:
Masu zama Amurka kada ku ɗauki bayanin Baban Ilham ku yi aiki da shi. Kariyar magana ta tsarin mulkinmu gwamnati kawai ta ɗaure, ba kamfani ba. Google ta kori ma'aikacinta James Damore a 2017 kan takardar da ya rubuta a cikin gida yana sukar tsarinsu na ƙara yawan mata da marasa rinjaye a aiki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na aika musu saƙon, sun ce zaman bincike ne. Baban Ilham, idan suka ce in rubuta wasiƙar ban haƙuri fa?

Baban Ilham:
Ki ce za ki duba, kada ki rubuta komai a ɗakin. Za ki iya cewa ba ki so ran kowa ya ɓaci ba, tunda gaskiya ne, ba tare da kin janye ra'ayinki ba. Ki roƙi a bar ki ki zo da abokiyar aiki ko da doka ba ta tilasta musu a zaman bincike ba, da yawa suna yarda. Bayan an tashi, ki nemi kwafin abin da suka rubuta, ki gyara duk inda aka juya maganarki kafin ki sa hannu.