Me ya sa ake nazarin jariran taurari da hasken X?

Ɗalibi daga Birni:
Assalamu alaikum. Malamai, na ji cewa taurari sabbin haihuwa suna fitar da hasken X, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a likita. Mene ne dalilin hakan, kuma don me sai an harba na'ura sararin samaniya kafin a gan shi?

Malamin kimiyya, Zango:
Wa alaikumus salam, ɗana. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye hasken X kafin ya iso ƙasa, shi ya sa Amurka ta harba na'urar hangen nesa mai suna Chandra a 1999, Turai ma ta harba tata mai suna XMM-Newton a ƙarshen shekarar. Jaririn tauraro yana juyawa da sauri, maganaɗisunsa yana murɗewa har ya tsinke, sai iskar da ke kewaye da shi ta yi zafin da ya kai miliyoyin digiri. Saboda haka hasken X ɗinsa kan ninka na ranarmu sau ɗaruruwa, wani lokaci dubbai.

Malama daga Sabon Gari:
Malam ya yi bayani, sai dai abin da ya fi burge ni shi ne ƙura. Waɗannan taurari suna ɓoye cikin gajimaren ƙura mai kama da hazon hunturu a nan Damagaram, amma hasken X yana ratsa shi. A Janairun 2003 Chandra ya yi kusan kwana 13 yana kallon irin wannan gajimare mai suna Oriyon, ya gano maɓuɓɓugan hasken fiye da 1,600.

Ɗalibi daga Birni:
Na gode, Malama. To, wannan hasken yana taɓa ƙurar da duniyoyi za su samu daga gare ta?