Maɓallin neman agaji yana nuna ɗakin da ba shi ba, ta ina zan fara?

MaiJanWaya ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Ina neman wanda ya taɓa haɗa na'urorin neman agaji marasa waya, irin bajon nan da ma'aikaci ke ratayawa a wuya ko ya maƙala a riga, in ya shiga haɗari ya danna, allon masu gadi ya nuna sunansa da ɗakin da yake ciki.

Aikin na wani asibiti ne, bene mai hawa uku, ginin kankare da rodi. Kowane ɗaki na manna masa 'yar na'urar shela ta Bluetooth, ba ta da wani aiki sai maimaita lambarta. Bajo yana sauraronsu, ya riƙe lambar wadda ya fi ji da ƙarfi. Da an danna maɓalli sai ya tura lambarsa da ta ɗakin ta rediyo a kan 868 MHz zuwa na'urorin karɓa, biyu a kowane hawa, su kuma su miƙa wa saba, wato babbar kwamfutar da ke tattara saƙonnin, ta kebul. Wutarsu ma ta cikin kebul ɗin take zuwa, wato PoE, daga siwic guda, wato akwatin da ake jona kebul ɗin duka a jikinsa, da ke ɗakin kwamfuta a ƙasa.

Babban abin da ya dame ni shi ne wuri. Ƙara tana tashi, amma wani lokaci allo ya nuna ɗakin maƙwabta, wani lokaci ma hawan da ba shi ba. An danna a ɗakin ba da magani da ke hawa na biyu kusa da matakala, allo ya ce hawa na uku. Wannan ya hana ni sukuni, domin mai jinyar da wani ya tare a ɗaki ita kaɗai, in masu gadi suka ruga sama alhali tana ƙasa, maɓallin bai amfane ta da komai ba.

Sannan na'urar karɓa ta ƙarshen barandar hawa na uku takan ɓace daga saba bayan magariba, ta dawo da kanta da safe. Da rana lafiya lau. Akwai kuma wasu bajoji da sai an danna sau biyu kafin saƙo ya fita, alhali na gwada baturansu da mita, suna ba ni bolt 3.

Tunanina in ƙara wa na'urorin shela ƙarfi don bajo ya riƙa jin ta ɗakinsa sosai. Kafin in taɓa komai na ce bari in ji daga gare ku.

TsohonInjiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ƙara ƙarfin nan, rage shi za ka yi. Bajo ba ya sanin bango, ƙarfin sigina kawai yake kwatantawa. In ka ɗaga muryar dukkansu, ta ɗakinka ta ƙaru, ta maƙwabta ma ta ƙaru daidai gwargwado, tazarar da ke tsakaninsu tana nan yadda take. Abin da za ka ƙara kawai shi ne yawan na'urorin da bajo ke jiyowa daga nesa, har da na sama da na ƙasa. Kamar masu magana ne a ɗakuna jere: in kowa ya yi ƙasa da murya, na ɗakinka kaɗai za ka ji.

Ka sa manhajar duba siginar Bluetooth a wayarka, ka tsaya tsakiyar ɗakin maganin nan ka karanta lambobin. In ta ɗakin tana ba ka -65 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina ke nan, kuma -65 ya fi -70 ƙarfi), ta sama tana ba ka -70, to tazarar dB 5 ba ta isa komai ba. Jikin mutum mafi yawansa ruwa ne, yana shanye siginar 2.4 GHz, juya baya kawai kan cinye dB 10 ko fiye. Ke nan mai bajo a ƙirji in ta juya wa na'urar ɗakinta baya ta fuskanci ƙofa, ta waje ce za ta yi nasara. Ni nakan nemi tazarar da ba ta gaza 15 ba a kowane lungu na ɗaki kafin in amince. Wasu daga cikin na'urorin shelar nan daga kamfani suna zuwa a kan 0 dBm ko kusa da haka. Ka sauke su zuwa -12, ƙananan ɗakuna kamar bayi da sito har -20, ka sake aunawa.

Maganar tsallaken hawa kuwa, da wuya sigina ta ratsa dekin mai rodi da ƙarfin da zai rikita ka. Ta ramin matakala take bi, ko ramin lif, ko ta fita ta taga ta bugi ginin da ke kusa ta dawo ta wata tagar. Tunda ka ce ɗakin yana jikin matakala, je ka duba ta sama ɗin. Ina kyautata zaton a bangon da ke kallon matakala take, ko dab da ƙofa. Mayar da ita can cikin ɗaki, a bangon da ba a haɗa da wani ɗaki ba, sama da kan mutum kaɗan. Kada ka manna ta a jikin kabad ɗin ƙarfe ko bayan talabijin, kuma kada ka ɓoye ta cikin silin, domin daga can ta fi kusa da mutanen sama fiye da yadda kake zato.

Akwai wani abu da mutane ba sa kula da shi: tazarar lokaci tsakanin shela da shela. Don batir ya daɗe, wasu sukan sa na'ura ta yi magana sau ɗaya cikin daƙiƙa biyu ko uku. Bajon shi ma ba kullum kunnensa yake buɗe ba, yana farkawa ne ya saurara ya koma barci. Mutum ya sauko da gudu daga hawa na uku ya shige ɗaki ya danna, bajo bai riga ya ji sabuwar ba, sai ya tura tsohuwar lambar da ya riƙe. A bakin matakala da ƙofofin shiga sashe, ka sa shelar ta zama kowane milisakan 200 zuwa 300. Batir zai fi saurin ƙarewa, amma a waɗannan wuraren ya cancanta.

Kafin duk wannan dai, ɗauki takarda ka bi ɗaki ɗaki ka tabbatar lambar da ke jikin kowace na'ura ita ce aka rubuta wa ɗakin a taswirar saba. In kuskuren kullum ɗaki ɗaya yake nunawa ba ya canzawa, musanyar lamba ce, ba ruwan sigina.

Kebul_da_Siwic ya amsa:

Yallaɓai TsohonInjiniya ya gama da maganar wuri. Ni matsalar na'urar karɓa mai ɓacewa da dare ce ta ja hankalina. Ɗan'uwa, tambaya ɗaya: akwai kyamarorin tsaro a kan wannan siwic ɗin?

In akwai, ga abin da nake zargi. Kyamara da duhu ya yi takan kunna fitilunta na gani da dare, wutar da take ja ta ƙaru. Kowane siwic na PoE yana da jimillar wat da zai iya rabawa, a rubuce take a jikinsa ko a takardarsa, kuma sau da yawa ba ta kai a ce kowace kafa ta ja cikakken rabonta lokaci guda ba. Da an wuce iyaka sai siwic ya yanke wa wata kafa wuta, galibi wadda ba a ba fifiko ba ko mai lamba ta ƙarshe. Gari ya waye, fitilu su mutu, wuta ta wadata, na'urarka ta dawo. In siwic ɗin irin wanda ake shiga saitinsa ne, duba rajistarsa, za ka ga sa'ar da ya yanke da dalili.

In babu kyamara, koma kan kebul. Ƙa'idar ita ce mita 100 daga siwic zuwa na'ura, har da guntayen da ke haɗa su. Daga ƙasa zuwa ƙarshen barandar hawa na uku, da kwane-kwanen bututu, ba wuya an wuce. A ƙa'idar PoE da ake kira 802.3af siwic yana fitar wa kowace kafa wat 15.4, amma 12.95 kaɗai aka lamunce zai isa ga na'ura, sauran an bar wa asarar hanya, kuma da jan ƙarfe zalla aka yi wannan lissafi. Akwai kebul ɗin da cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Ka kankare waya ɗaya ta cikin kebul ɗin da wuƙa, in ka ga fari a ciki, shi ne. Irin wannan yana zubar da bolt a doguwar tafiya, yana kuma karyewa a cikin kan RJ45, wato kan kebul ɗin da ake sokawa a siwic.

Shawarata, na'urorin ceton rai kada su haɗa siwic da komai. Ka ba su nasu, ka ɗora shi da sabar a kan UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, ka ba kowace na'urar karɓa adireshin IP tsayayye, wato lambar da saba ke gane ta da ita.

MaiJanWaya ya amsa:

Allah ya saka muku da alheri. Malam Kebul_da_Siwic, akwai kyamarori kuwa, guda biyar, masu aikin tsaro ne suka jona su a kan siwic ɗin bayan na gama jan nawa kebul ɗin. Rajista ta nuna kafa ta 8 ake yankewa saboda wuta ta gaza, kuma a kanta na'urar hawa na uku take. Na ba ta fifiko na wucin gadi, na kuma rubuta wa hukumar asibitin cewa a raba siwic. Kebul ɗin jan ƙarfe ne, tsawonsa bai kai iyaka ba.

Na kuma hau na duba na'urar shela ta sama. Tana dab da ƙofa, tana kallon matakala kai tsaye, kamar yadda Yallaɓai ya faɗa. Na matsar da ita ciki na sauke ta zuwa -12. Yanzu a ɗakin magani ta ɗakin tana ba ni wajen -68, ta sama kuwa sai ta kai -90 ko ta ɓace gaba ɗaya. Saura bajojin da ke ƙin tashi a dannawar farko.

'YarAikinDare ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba injiniya ba ce, amma ina cikin masu rataya irin wannan bajo a wurin aiki, kuma ni ke kula da rabonsu a sashenmu, don haka bari in faɗi abin da muke gani.

Malam, mita ba ta faɗa maka gaskiyar ƙaramin batir ɗin nan CR2032. Ko ya kusa mutuwa zai nuna maka kusan bolt 3 muddin ba a jan komai daga gare shi. Lokacin da bajo zai tura saƙo yakan ja wuta da yawa a ɗan ƙiftawa, sai batir mai rauni ya durƙushe, bajo ya mutu ya sake tashi. Shi ya sa sai a dannawa ta biyu saƙo yake fita. Wanda ya haɗa mana namu ya nuna mana mu riƙa duba ƙarfin batir da bajon da kansa ke aikawa saba, mun daina dogara da mita. Ka sa sababbi a waɗanda ke ba ka matsala ka gani. Ka kuma duba 'yan ƙarafunan da ke riƙe batir ɗin, sukan saki ko su yi tsatsa saboda gumi da maganin goge hannu. Wasu batura kuma ana shafa musu abu mai ɗaci don kada yara su haɗiye, wannan shafen kan hana haɗuwa a wasu na'urori.

Roƙona gare ka shi ne yadda za ka yi gwajin ƙarshe. Masu haɗawa sukan tsaya tsakiyar ɗaki, bajo a hannu a ɗage sama, su danna, allo ya nuna daidai, su wuce. Mu ba haka muke riƙe shi ba. Yana ƙarƙashin rigar aiki, ko cikin aljihu tare da makullai da waya. Wadda aka kai wa hari kuma ba a tsaye take tsakiyar ɗaki ba, tana iya kasancewa a ƙasa, a kife, bajon a ƙarƙashinta, ko an matse ta a lungu bayan ƙofa, ko ta kulle kanta a bayi. Don Allah ka gwada a haka: ka kwanta a ƙasa tsakanin gado da bango ka danna, ka shiga bayi ka rufe ƙofa ka danna, ka gwada cikin lif yana tafiya, da kan matakala, da wurin ajiye motoci. Wani ya zauna gaban allo yana rubuta abin da ya fito da daƙiƙun da ya ɗauka. Ka maimaita da dare, lokacin da ƙofofin ƙarfe na sassa suke rufe, domin ginin dare daban yake da na rana.

Sannan ka tabbatar an kunna sa ido. Kowane bajo da kowace na'urar karɓa ya kamata su riƙa gaya wa saba suna raye lokaci lokaci, in ɗaya ta yi shiru allon masu gadi ya yi ƙara. Abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninka shi ne na'urar hawa na uku tana mutuwa kowane dare, kai ne ka gano a saba, masu gadi ba su sani ba, ma'aikatan hawan ma ba su sani ba.

TsohonInjiniya ya amsa:

Hajiya ta faɗi abin da ya fi nawa muhimmanci. Ƙari ɗaya a kan gwajin kwanciya: ka sa kowane ɗaki ya zama na'urorin karɓa biyu suna jin sa. Cire wutar ɗaya ka sake zagaye hawan, sannan ka mayar ka cire ɗayar. Inda saƙo ya kasa fita, nan ne za ka ƙara na'ura ko ka matsar da wata. Eriyarsu ta tsaya a miƙe, nesa da bututun ƙarfe da tiren kebul.

In akwai ɗakunan da duk ka rage ƙarfi suna ci gaba da musanya, galibi masu bangon katako ko gilashi, Bluetooth ya kai iyakarsa a nan. Tambayi masu kayan ko bajon yana karɓar na'urar shela ta hasken infrared, hasken nan da ido ba ya gani. Shi ba ya ratsa bango, don haka in bajo ya gan shi, a ɗakin yake. Aibinsa shi ne riga mai kauri tana tare shi, gilashi kuma sai an gwada, don haka a haɗa shi da Bluetooth ɗin ake yi, kuma sai an yarda da ma'aikata cewa bajo a waje zai riƙa zama.

MaiJanWaya ya amsa:

Na gode ƙwarai, Hajiya, na gode Yallaɓai. Sababbin batura sun gyara bajojin, sai guda ɗaya da ƙarfen riƙonsa ya yi tsatsa, na ware shi. Na tarar sa idon na'urorin karɓa yana aika gargaɗi ta imel kaɗai, na mayar da shi ya riƙa ƙara a allon masu gadi. Ɗakuna biyu na sashen gaggawa masu bangon gilashi har yanzu tazararsu ba ta wuce 6 ba, na aika wa masu kayan tambaya a kan infrared. Gwajin dare kuma mun tsayar da shi da shugabar masu jinya, za ta ba ni mutum biyu daga cikin ma'aikatanta su rataya bajon yadda suka saba, kuma ba zan sa hannu a takardar miƙa aiki ba sai an raba siwic ɗin.