Muhawara: Shin mai shiga jirgin ruwan shaƙatawa shi kaɗai asara yake yi?

Alhaji Bala: Assalamu alaikum jama'a. Maganata ɗaya ce kuma a kanta nake: duk wanda ya shiga jirgin ruwan shaƙatawa shi kaɗai, kuɗinsa ya zubar. Farashin da kamfanoni ke tallatawa na mutum ɗaya ne, amma da sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. In ka zo kai kaɗai sai a ce ka cike gurbin wanda bai zo ba, galibi ninkin kuɗin ɗakin gaba ɗaya. Ka biya wa baki biyu, ka ci da baki ɗaya. Mai hujja ya kawo.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Alhaji. Ninkin gaskiya ne, amma ba komai ake ninkawa ba. A ce ɗakin ciki marar taga, kwana bakwai, an sa dala 700 kowane mutum. Mai tafiya shi kaɗai zai biya 1,400. Harajin tashoshi kuwa a kan kai ake biya, a ce dala 150, sau ɗaya. Tukwicin ma'aikata da ake cirewa kullum, wanda a manyan kamfanonin Amurka yake tsakanin dala 16 zuwa 20 a rana, shi ma na mutum ɗaya ne; a ce 18 sau bakwai, 126 ke nan. Jimilla 1,676. Wanda ya zo da abokin ɗaki zai biya 976. Bambancin 700 ne, ba ninki cikakke ba. Kuma otal ma ai ɗaki yake sayarwa, ba gado ba. Ba wanda ke cewa otal ya cuce shi don ya kwana shi kaɗai.

Alhaji Bala: Hajiya, dala 700 ce kike kira bambanci kamar kuɗin goro? Otal ba ya sa mini kuɗin abincin wani a cikin kuɗin ɗaki. Jirgi yana sawa.

Injiniya Auwal: A nan Alhaji ya yi gaskiya, kuma dalilin ya wuce abinci. Kamfanin jirgi ba da kuɗin ɗaki kaɗai yake cin riba ba. Yana lissafin abin da kowane fasinja zai kashe a ciki: abin sha, intanet, yawon gari, hotuna, gidajen abinci na musamman. Gado ɗaya ya tafi ba kowa, an rasa mai kashe kuɗi ɗaya. Shi ya sa ba sa sassauta wa mai zuwa shi kaɗai sai in ɗakunan sun ƙi sayuwa.

Amma Alhaji, tun 2010 aka buɗe wata ƙofa. Jirgin Norwegian Epic ya fito da ɗakuna 128 na mutum ɗaya, ana ce musu Studio, faɗin kowanne kusan murabba'in mita tara, da wani falo na haɗuwa da sai katin masu waɗannan ɗakunan ke buɗewa. Kamfanin Cunard ya ƙara ɗakunan mutum ɗaya guda 15 a Queen Mary 2 a 2016. Wasu jiragen kamfanin Royal Caribbean na rukunin Quantum suna da irinsu, har da masu baranda. Matsalarsu biyu. Ba su da yawa, don haka sukan ƙare watanni da dama kafin tashi. Sannan farashinsu ba rabin na mutum biyu ba ne. Da buƙata ta yi yawa yakan hau har ya kusa kamo ɗakin ciki na mutum biyu, wanda ya fi shi faɗi. Kada a saya don sunan kawai. A buɗe shafi, a sa fasinja ɗaya, a dubi jimillar ƙarshe ta kowane irin ɗaki gefe da gefe.

Malam Nura: To ai maganin a fili yake. A jira. Kamfanoni na karɓar cikon kuɗi tsakanin kwana 75 zuwa 120 kafin tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiya. Da wannan rana ta wuce, waɗanda suka fasa sun fasa, ɗakunan da suka rage sai a karya musu farashi, wani lokaci har a rage ƙarin da ake ɗora wa mai zuwa shi kaɗai. Akwai kuma tafiyar sauya sheƙa, lokacin da jirage ke tsallaka Atlantika zuwa Turai a Afrilu da Mayu, su koma Amurka a Oktoba da Nuwamba. Kusan mako biyu ne, yawancinsa a tsakiyar teku, kuma kuɗin kowane dare ya fi arha a duk shekara.

Hajiya Rabi: Malam Nura, wannan shawarar ta mai fasfon Ingila ce ko na Jamus. Mai koren fasfon Najeriya ko na Nijar da ya bi ta, shi ne zai yi asarar da Alhaji ke faɗa, har ma ta fi. Ɗakin da ka saya bayan ranar cikon kuɗi, nan take za ka biya duka, kuma in ka fasa tara ta hau kanka, tana ƙaruwa har ta cinye kuɗin baki ɗaya a makonnin ƙarshe. An hana ka biza ba hujja ba ce a wurin kamfani. A bakin tasha za a duba takardunka, in babu bizar ƙasa ɗaya daga cikin zangon, suna iya hana ka shiga ko da ka rantse ba za ka sauka a can ba, kuma ba sa mayar da ko sisi.

Ga yadda ake jera abin. Da farko ka zaɓi tafiyar da ta rage wata shida zuwa takwas, ka biya kafin alƙalami irin wanda ake mayarwa, ko da ya ɗan fi tsada. Ka karɓi takardar tabbaci mai ɗauke da jerin tashoshi. Da ita za ka nemi biza. Ta Shengen, wato bizar da yawancin ƙasashen Turai suka haɗu a kanta, ana iya nema tun saura wata shida, kuɗinta yuro 90 ga babba, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta za ka je. In kwanakin sun zo ɗaya, ƙasar da za ka fara shiga. Abin da ke kayar da mutane shi ne shiga sau ɗaya. In jirgi ya tashi daga Italiya ya taɓa Turkiyya ko Tunisiya ko Montenegro sannan ya dawo Girka, ka fita daga Shengen ka sake shiga ke nan. Dole bizar ta zama mai shiga da yawa, kuma ƙasashen da ke waje a bincika nasu sharaɗin daban. Burinka amsa ta fito kafin ranar cikon kuɗi. In an hana, ka karɓi kafin alƙalaminka ka koma gida.

Tafiyar tsallaka Atlantika kuwa biza biyu take so, ga tikitin jirgin sama mai zuwa wani gari da dawowa daga wani. Kuma a Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar baƙi ta 'yan Najeriya mai shiga sau ɗaya, ta wata uku, bayan nan ma aka ƙara tsaurarawa. Jirgin da ya tashi daga Miami ya zaga tsibiran Karibiyan ya dawo, shiga ta biyu ce.

Malam Nura: Na karɓa Hajiya, amma ba kowa ke zaune a gida ba. Mutanenmu da ke da takardar zama a Turai ko Daular Larabawa shawarata tana yi musu aiki. Ga jiragen da suka saba tashi daga Dubai da Abu Dhabi da Doha a lokacin sanyi, ga jirgin kamfanin MSC da ke tashi daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, kwana uku ko huɗu. Ga jirgin Aroya na Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, ba giya, ba caca, abinci halal, da wurin salla. Gajeruwar tafiya tana rage zafin ninkin.

Alhaji Bala: Duk kun kewaya kun dawo inda nake. Ku ce kawai a nemi abokin ɗaki.

Injiniya Auwal: Shi ma da ƙaya. Ɗakin ciki galibi bai fi murabba'in mita 14 zuwa 16 ba, banɗaki ɗaya. Rajista ɗaya ce ta haɗa ku. In abokin ya fasa kafin ranar cikon kuɗi, sai a sake lissafa maka farashin mutum ɗaya. Kowa ya ɗaura katin bankinsa a kan nasa asusun na cikin jirgi, in ba haka ba abin da ɗaya ya kashe zai faɗo kan ɗaya. Sannan a kamfanonin Carnival da Royal Caribbean, in babba ɗaya a ɗaki ya sayi kunshin giya, sai sauran manyan ɗakin su ma sun sayi kunshi. Mai zama shi kaɗai ba ruwansa da wannan.

Malam Nura: Manyan kamfanoni galibi ba sa haɗa baƙo da baƙo a ɗaki. Masu yin haka su ne masu hayar jirgi sukutum su sayar da ɗakunan da kansu, kamar Atlantis Events da Olivia, waɗanda ke shirya tafiye-tafiye ga masu neman jinsi ɗaya, na farkon galibi maza, na biyun mata. Suna da tsarin haɗa abokin ɗaki don a kauce wa ninkin.

Barista Zainab: Tunda an tabo wannan, akwai abin doka da ya kamata a faɗa daidai, don mutane na ɗauka tikitin kamfanin Amurka kariya ce a ko'ina. A tsakiyar teku dokar ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ce ke aiki, yawanci Bahamas, Panama, Malta ko Bermuda. Da ya shiga ruwan wata ƙasa ya ɗaure a tasha, dokar wannan ƙasa ta hau kan kowa, har wanda ke tsaye a barandar ɗakinsa. A 2012 'yan sandan tsibirin Dominika da ke Karibiyan sun kama maza biyu daga wani jirgin da Atlantis ta yi haya, bisa abin da aka ce an hango daga tasha, aka ci su tara. A 1998 tsibiran Cayman sun hana irin wannan jirgi tsayawa gaba ɗaya. Dokokin kuma suna sauyawa: kotu ta soke haramcin neman jinsi ɗaya a Barbados a 2022, a Dominika a 2024, amma yana nan a Jamaika, haka a Daular Larabawa da Qatar da Malesiya. Fasinjan da abin ya shafa ya bi jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya, ya karanta shawarar tafiya ta kwanan nan a kan kowacce, ba ta bara ba. Inda doka ta tsananta, ko ya zauna a jirgi ranar, ko ya bi ayarin da jirgin ya shirya. A Masar an sha amfani da manhajojin haɗuwa wajen kama mutane, don haka abin da ke cikin waya ma abin lura ne. Hotunan da wasu fasinjoji ke ɗorawa a intanet kuma suna iya riga mutum isa gida, inda dokar Najeriya ta 2014 ta tanadi ɗauri har shekara 14 kan auren jinsi.

Wani abu da ya shafi kowa: suna da jinsin da aka rubuta a rajista su zo daidai da na fasfo harafi da harafi, fasfon kuma ya rage masa aƙalla wata shida bayan ranar dawowa.

Dakta Hadiza: Ku gafarce ni, ni ban ga an taɓa inda mai tafiya shi kaɗai ya fi rauni ba. Ba mai cewa "wane bai dawo ba". Ana rufe ƙofar jirgi kusan rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokaci ya saɓa da na garin. Wayarka kuwa na garin za ta ɗauka da kanta. Jirgi na jiran ayarin da shi ya shirya in ya makara, ba ya jiran wanda ya ɗauki tasi da kansa. A ɗauki hoton lambar wakilin tasha da ke cikin takardar shirin yini kafin a sauka. A tashar Civitavecchia ta Italiya, wadda ake tallatawa da sunan Rum, kusan kilomita 80 ne tsakani, kada a bar dawowa sai jirgin ƙasa na ƙarshe. Ranar tashi ma kada a sauka daga jirgin sama a ranar. A iso kwana ɗaya kafin.

Asibitin jirgi na kuɗi ne, a kan asusunka ake ɗorawa, kuma in aka sauke ka a wata ƙasa don jinya kai da aljihunka ne. Inshorar ta ambaci tafiyar jirgin ruwa da kwashe marar lafiya a rubuce. Mai saurin jiri ya zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa, ya guji ɗakin da kamfani ke zaɓa wa mutum don arha, domin yana iya faɗowa can goshi inda aka fi jin tangaɗi. Filastar scopolamine ta maganin jiri ana manna ta bayan kunne kimanin awa huɗu kafin tashi, tana aiki kwana uku, amma mai hawan jinin ido kada ya taɓa ta sai likita ya gani. Cutar amai da gudawa ta norovirus kuwa man goge hannu bai cika kashe ta ba, sabulu da ruwa ne.

Alhaji Bala: Dakta, kin ƙara mini hujja ne ai. Ga ninkin ɗaki, ga inshora, ga otal na daren farko da ba mai raba maka. Na yarda biza ta fi ninkin haɗari, wannan Hajiya ta gamsar da ni. Amma a kan kuɗi ban janye ba. Tambaya ɗaya: katin naira zai yi a ciki?

Hajiya Rabi: Kada ka dogara da shi Alhaji, iyakar da banki ya sa wa kashewar waje tana iya tsayar da kai a tsakiyar tafiya. Katin asusun dala ya fi. In katin cire kuɗi ne, jirgi kan riƙe wani adadi a ranar shiga, ya ƙara riƙewa yayin da kake kashewa, kuma sakin abin da ya rage kan ɗauki kwanaki bayan an sauka, kuɗin na nan amma ba ka iya taɓawa. Mafi sauƙi ka ajiye tsabar dala ko yuro a teburin kula da fasinjoji ranar farko, gwargwadon kuɗin da jirgin ke aiki da shi, ka riƙa duba asusun a manhajarsu kowane dare. Wayar kuma a kashe mata layi da zarar an bar tasha, don in ta kama hanyar sadarwar jirgi ta tauraron ɗan Adam, kuɗin da ke layin ba zai kai safiya ba.