Dubu 450 na adashe: in zuba a shuwa-bet ko in kafa teburin POS?

Ɗan Zango Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa shi nake so ya yi magana. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashe, naira dubu 450, zubin shekara guda cur daga abin da nake samu a sauke kaya. Akwai wani yaro a layinmu da ya nuna min abin da suke kira shuwa-bet. Ba tikitin nan mai wasa goma sha biyar ba ne. Wasa ɗaya ake nema mai fuska biyu, kamar tanis ko ƙwallon kwando, a sami kamfanin bet biyu da ods ɗinsu, wato ninkin da suke biya in ka ci, ya saɓa. Misalin da ya ba ni: wannan ya ba ɗan wasa na farko 2.10, wancan ya ba na biyu 2.10. Ka sa dubu 50 nan, dubu 50 can. Duk wanda ya ci, dubu 105 za ta dawo maka. Amma shi da bakinsa ya ce abin ya ja baya, ba kamar shekarun baya ba, kuma yana son dubu 25 duk wata kafin ya sa ni a gurup ɗin da ake turo wasannin. Ɗaya hanyar ita ce in kafa teburin POS wajen Pen Cinema. Tambayata: har yanzu ana samun wannan tazarar, ko an riga an cinye kasuwar?

Mai Shayin Obalende:
Ɗan'uwa rabu da caca. Jiya a gabana wani ya yaga tikiti, wasa goma sha uku sun shiga, na ƙarshe ya yanke a minti na 89. Ko shayin da na haɗa masa bai sha ba.

Ɗan Zango Agege:
Malam ai na faɗa, ba irin wannan tikitin nake nufi ba.

Akawun Apapa:
Na yi wannan harkar daga 2018 zuwa farkon 2023, don haka bari in amsa abin da ka tambaya. Lissafin yaron daidai ne, amma 2.10 da 2.10 yanzu sai ka yi sati ba ka gani ba. Abin da ake samu shi ne irin 2.02 da 2.02. Dubu 100 ta kawo maka ribar dubu ɗaya. Dalili kuwa, da can kowane kamfani da nasa mutanen da ke tsara ods, wani ya yi barci wani ya farka, a tsakaninsu muke ci. Yanzu da yawansu wuri ɗaya suke sayen ods, daga kamfanonin bayanai irin Sportradar na Suwizalan, kuma kowa idonsa na kan manyan kasuwannin bet irin Pinnacle da Betfair. Da zarar can ya motsa, nan ma ya motsa. Lokacin da na fara, tazara kan zauna minti goma, har in tashi in yi alwala in dawo tana nan. Daf da zan bari, kafin in gama rubuta kuɗin a waya ta biyu ta rufe. Su ma masu neman sun yi yawa, manhajar nemo tazara ɗaya dubban mutane ke kallo, kowa ya danna lokaci guda, kamfani ya gani ya gyara. Wanda ya tura maka a gurup kuwa ya riga ya sa nasa, ragowa kake samu.

Ka tuna kuma asalin farashin kamfani shi ne irin 1.90 da 1.90, wato ka sa dubu 100 ka karɓi 95. Wannan biyar ɗin ita ce abincinsu. Duk wanda ya juyar da ita ta koma gare shi, ba za su bar shi ya daɗe ba.

Bazazzagin Idi-Araba:
Dubu 25 a wata? An yi maka tsada. Ni dubu 8 nake biya.

Ƙanin Alhaji:
Dubu 8 ai na ƙarya ne, hoton wasan da ya riga ya wuce suke turo muku. Manhajar gaske da dala ake biya, ni da na yi tambaya abin ya haura dubu 100 a wata.

Bazazzagin Idi-Araba:
To ni dai da ita na sayi wayar da nake rubutun nan.

Ƙanin Alhaji:
Nawa ka zuba kafin wayar ta fito? Wannan ne ba ku faɗa.

Baban Ummi Mile 12:
Ɗan Zango, ƙanina, karanta wannan da kyau, don ni ba labari aka ba ni ba. Albasa nake sayarwa a Mile 12, a ƙarƙashin wani maigidana da ke turo kaya daga Sakkwato. Na shiga shuwa-bet da dubu 60 tawa, wata huɗu ina samun na cefane, wallahi ba ƙarya. Sai kamfani ɗaya ya ɗaure min akawun. Ba su rufe ba, a'a, kawai in na rubuta dubu 30 sai ya ce iyakata naira 840. Na kira, wata yarinya ta ce hukuncin sashen kula da haɗari ne, ba ta da abin yi. Sai na buɗe wani da sunan matata, wani da sunan ƙanina da ke gida Illela, da BVN ɗinsa. Nan na fara kuskure.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, ba zan manta ba. Kuɗin buhu tara na maigida na hannuna, ana jiran in tura ranar Juma'a. Na ga wasan tanis, tazarar ta kai kashi bakwai cikin ɗari, rabon da in ga irinta an yi watanni. Na ce kwana biyu ne, in juya in mayar. Na sa dubu 190 a gefe ɗaya, dubu 175 a ɗayan. Ina zaune kan buhu ina kallon maki a waya. Ana cikin zagaye na biyu ɗan wasan ya ji ciwo ya janye. Kamfanin da na sa wa wanda ya janye suka ce tunda an gama zagayen farko, wasa ya tabbata, na faɗi. Kamfanin da na sa wa wanda ya wuce suka ce a dokarsu in ba a kammala wasa ba an soke, ga kuɗinka. Wato dubu 190 ta tafi, ɗaya gefen kuma ko kwabo ba a ƙara min ba. Kowa da dokarsa a rubuce, ni ne ban karanta ba, da Turanci ne mai ƙananan haruffa.

Bai ƙare nan ba. Dubu 175 da aka mayar tana akawun ɗin ƙanina. Na zo cirewa suka ce sai mai akawun ya ɗauki hoto riƙe da katin shaidarsa kusa da fuskarsa. Yaron yana gona, katinsa ya ɓata, takardar NIN ɗin ma ta jiƙe ta goge. Sati bakwai kuɗin na kwance. Juma'a ta zo, maigida ya kira sau goma sha ɗaya ban ɗauka ba. Mutumin da ya kawo ni Legas ina ɗan shekara goma sha tara, ya ba ni tabarma a rumfarsa. Ƙarshe gaban shugabannin kasuwa aka kai maganar, na tsaya a tsakiyar dattawa na faɗi abin da na yi da bakina. Injin ɗinkin matata muka sayar. Na biya, amma har yau in kaya suka iso wani ake kira ya ƙirga, ba ni ba.

Hajiya Mai Tuwo:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri Baban Ummi. Ita baiwar Allah an saya mata wani keken?

Baban Ummi Mile 12:
Tukuna dai Hajiya. Ina kan tarawa.

Bazazzagin Idi-Araba:
Allah ya kiyaye gaba, amma gaskiya Baban Ummi laifinka ne. Ba a haɗa tanis a kamfani biyu sai an duba dokar janyewa, kowa ya san wannan. Kuma ka taɓa kuɗin amana. Wannan ba ya nufin harkar ba ta ci.

Baban Ummi Mile 12:
Yaro, shekararka nawa a ciki? Wata biyar? Bari su ɗaure ka tukuna sai ka dawo mu yi magana.

Malam Na Masallacin Layi:
Ina mamakin yadda ake ta lissafin riba ba wanda ya ce haramun ne. Ku duba Suratul Ma'ida aya ta 90, an haɗa caca da giya wuri ɗaya. A Kano Hisba ta rufe shagunan nan a 2024. Don muna Legas ba a sauke mana hukunci ba.

Ƙanin Alhaji:
Allah ya gafarta Malam, ai hujjarsu ita ce wannan babu faɗuwa, don haka ba caca ba ce.

Malam Na Masallacin Layi:
Tikiti biyu na caca ba sa haɗuwa su zama ciniki. Me ka saya, me ka sayar? Kuma ga Baban Ummi nan, a tambaye shi ko babu faɗuwa.

Akawun Apapa:
Malam ya yi gaskiya, kuma ni ma ba da alfahari nake faɗin na yi ba. Amma Ɗan Zango lissafi ya tambaya, bari in ƙarasa masa. Akwai dokar cire haraji da gwamnatin tarayya ta fitar a 2024, wadda ta sa kashi biyar cikin ɗari kan abin da aka ci. Ɗauki 2.02 ɗin nan: tikitin da ya ci ya kawo ribar dubu 51, kashi biyar ɗinta 2,550 ke nan. Kai kuma duk ribarka dubu ɗaya ce. Ka ga an shiga uwar kuɗi. Ga naira 50 da ake cira a transfa daga dubu 10 zuwa sama, kai kuma kullum cikin kwashe kuɗi kake daga wannan kamfani zuwa wancan. Ga data, ga kuɗin gurup.

Bazazzagin Idi-Araba:
Ni ba a taɓa cire min wani haraji ba.

Ƙanin Alhaji:
Sai an ci ake cirewa ai.

Mai Shayin Obalende:
Hahaha wallahi Ƙanin Alhaji ba ka da dama. Bazazzagi zo ka sha shayi, na yafe maka kuɗin madara.

Alhaji Canji Broad Street:
Ku yara kuna ganin sabon abu ne. Mu a canji mun ga irinsa. Kafin Yunin 2023 farashin dala na banki daban, na kasuwa daban, tazara mai faɗi, duk wanda ke da hanyar samu a banki ya kwana da kuɗi. Da Babban Banki ya saki naira tazarar ta matse, mutane da yawa da na sani suka nannaɗe tabarma. Duk ribar da ke zaune a tsakanin farashi biyu, ranar da idanu suka yi yawa a kanta ta ƙare. Ɗana, ka kafa POS ɗinka.

Ɗan Zango Agege:
Na gode Alhaji. To POS ɗin nawa zai ci min, inji da tebur da lema?

Hajiya Mai Tuwo:
Ɗana ya karɓi inji dubu 22 bara.

Ƙanin Alhaji:
Hajiya yanzu ya kai 40, kuma in ba ka kai adadin cinikin da suka sa maka ba su zo su ɗauke. POS ma ai tazarar ta mutu. Daga Pen Cinema zuwa kan titin jirgi ƙirga lema nawa ce. Lokacin ƙarancin kuɗi na farkon 2023 ne aka ci, yanzu naira 100 kan dubu 5 ake faɗa a kai.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Ko ka kafa, wa zai bar ka ka zauna? Kafin azahar masu karɓar haraji uku sun zo da tikiti daban-daban. Ni abin da ke ci min rai ke nan. Me ya kai yaranmu shagon bet tun farko? Tun 1 ga Yunin 2022 da aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da sauransu, sannan a Satumba aka ƙara da Mushin da Oshodi, rabin waɗanda muke tasha ɗaya da su ba su da abin yi. Babur ɗina saura wata biyu in gama biyan bashinsa aka kama shi, ko a inda aka hana ma ba ne. Na bi har wajen da ake tara su, aka ce in manta.

Baban Ummi Mile 12:
Haka aka yi wa ɗan yayata, nasa ko lamba ba a gama yi masa ba.

Mai Shayin Obalende:
Ni tebur ɗina sau biyu ana jefa shi a mota cikin shekara ɗaya, har da tukunyar. Shugabanninmu na Hausawa kuma sai lokacin zaɓe ake ganinsu.

Alhaji Canji Broad Street:
Kar ka haɗa kowa. Akwai waɗanda suka yi ta zirga-zirga kan maganar baburan nan, ni shaida ne.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
To Alhaji babur nawa aka dawo da su? Faɗi ɗaya.

Ɗan Zango Agege:
Jama'a don Allah, ranar Asabar zan karɓi kuɗin nan. Akwai wanda ya san nawa ake biyan kuɗin wuri a bakin Pen Cinema, kuma wa ake samu?

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Alhaji ina jiran amsarka.